Tsintacciyar mage a Istanbul

Assalamu alaikum Inna,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kuna lafiya, ke da Baba da ƙannena duka. Yaya sanyin hunturu? Nan ma sanyi ake yi, irin mai haɗe da ruwan sama, wanda yake shiga har cikin ƙashi. Aiki a unguwar Laleli yana tafiya, alhamdulillahi, ɗaurin kaya dai daga safe har dare.

Inna, na yi baƙuwa a ɗakina, kuma mage ce. Na san abin da za ki ce: tsintacciyar mage ba ta mage. Ni ma na tuna da maganar daren da na ɗauko ta.

Garin nan cike yake da kyanwoyi. A ƙofar masallaci, a bakin shaguna, har kan kujerun masu shayi. Mutane suna ajiye musu abinci da ruwa a gefen titi, wasu ma har ɗan gida suke yi musu da kwali. Idan ka ga wadda aka ɗan gutsure wa kan kunne, to an yi mata aikin hana haihuwa aka sake ta. Yadda muke kiran "mus-mus", su "pisi pisi" suke cewa. Amma wannan 'yar ƙarama ce, ba ta da uwa. Ina dawowa daga isha'i na ji kukanta a ƙarƙashin wata mota, ta jiƙe sharkaf, ido ɗaya ya manne da kwantsa. Na wuce, na dawo. Hadisin matar nan da ta shiga wuta saboda mage, wanda kika sha karanta mana, shi ya hana ƙafata tafiya. Na sa ta cikin rigar sanyina, ina jin bugun zuciyarta a ƙirjina.

Kuskuren farko da na yi shi ne madara, sai ga gudawa. Likitan dabbobi ya ce madarar shanu ba ta karɓar yawancinsu. Ya ce ba ta wuce wata uku ba, ya ba ta maganin tsutsar ciki da na ƙuma, da na ɗigawa a ido. Nan gaba za a yi mata rigakafi, a sa mata wata 'yar na'ura kamar ƙwayar shinkafa a ƙarƙashin fata, don doka ce a nan ga duk mai riƙe mage a gida.

Kwana uku tana ƙarƙashin gado. In na miƙa hannu sai ta yi huci, ta ƙara lafewa a lungu. Sai na daina matsa mata. Na zuba yashi a roba don bayan gida, na ajiye abinci da ruwa nesa da shi, kullum wuri ɗaya. In na dawo aiki sai in zauna a ƙasa, ba na kallonta, ina ta yi mata Hausa a hankali. Wallahi Inna, watannina na farko a garin nan suka riƙa faɗo mini, lokacin da ko burodi ina jin nauyin fita saye saboda ba na jin yarensu.

Ran na huɗu, na sallame sallar asuba ke nan, sai na ji abu mai ɗumi a jikin ƙafata. Ta fito da kanta ta kwanta a gefen dadduma. Ban motsa ba har gari ya waye.

Yanzu sati biyar ke nan. Idon ya buɗe, ta yi ƙiba, tana jin ƙarar makulli take rugowa bakin ƙofa. Har yanzu dai in baƙo ya shigo sai ta koma ƙarƙashin gado, kuma ta fara yagar katifa, shi ya sa na naɗa igiya a jikin katako don ta riƙa wasa farcenta a can. Na sa mata suna Tsintuwa.

Don Allah ki faɗa mini ko farar magen nan ta bayan rumbu tana nan. A hana yara jifanta, a riƙa ajiye mata kan kifi. Zan turo hoton Tsintuwa ta wayar Yaya ranar Juma'a. A gaida Baba, a ci gaba da sa ni a addu'a.

Ɗanki mai kewarki.