Zuwa ga masu motocin da ke yankar asirans a wurinmu

Assalamu alaikum.

Alhazai da hajiyoyi, iyayen gidanmu, da direbobin da ke bin hanyar Ƙonni, Madawa da Abalak, muna gaishe ku da aiki. Ƙaramin biro ne namu a nan cikin garin Tawa, aikinmu tsayawa tsakaninku da kamfanonin asirans. Dalilin wannan takarda shi ne kusan duk wanda ya shigo wurinmu magana ɗaya ce a bakinsa: "A ba ni ta jandarma, mai araha." Muna ba shi, don kuɗinsa ne kuma motarsa ce. Abin da ba mu so shi ne ya fita yana zaton ya sayi abin da bai saya ba.

Wannan ta jandarma ita ce ta dole. Dokar CIMA, wato dokar asirans ta haɗin gwiwar wasu ƙasashen Afirka, wadda ta samo asali daga yarjejeniyar Yawunde ta 1992, kuma ƙasashe 14 ke aiki da ita har da Nijar, ta wajabta ta a aya ta 200 kan duk abin hawa mai inji, mota ko babur. Aikinta biyan wanda ka yi wa ɓarna: mai tafiya a ƙasa da ka buge, motar da ka yi wa karo, katangar da ka rusa, mutanen da ka ɗauko. Ko matarka da ƴaƴanka ne a cikin motar, doka ta ɗauke su kamar kowa, ana biyansu. Motarka kuwa, ko fitila ɗaya wannan takarda ba za ta saya mata ba idan kai ne da laifi. Kayan da ka loda ma haka. Mai kamyon da ya kife da albasar Galmi, asarar buhunan tana wuyansa, sai in ya yankar wa kayan tasu takardar daban.

Akwai mutum ɗaya a cikin motar da ta dole ba ta san da zamansa ba, shi ne wanda ke riƙe da sitiyari. Nan ne muka fi son ku tsaya. Mota ta bar hanya tsakanin Badagishiri da Tsarnawa, fasinja sun ji ciwo, direba ya karye. Fasinja suna da inda za su nemi haƙƙinsu, direba ba shi da shi, alhali sau da yawa shi ne mai ciyar da gida. Ƙarin da ake yi don direba, wanda ke biyan kuɗin likita da diyyar naƙasa ko rasuwa har zuwa adadin da aka rubuta, ba ya cikin masu tsada. A ganinmu, wanda ƙarfinsa bai wuce ƙari ɗaya ba, wannan ya kamata ya fara ɗauka, kafin ya yi tunanin ƙarfen mota. Alhaji, in kana da direba da ke yi maka Tawa zuwa Yamai, amanarsa tana hannunka.

Sai maganar gyaran motarka. Iri biyu ne, kuma mutane na yawan ruɗa su. Ɗaya tana biya ne kawai idan ka yi karo da wani da aka san ko wane ne: mota, babur, mutum, ko dabbar da aka san mai ita. Ɗayar, wadda aka fi sani da tu-risk, tana biya ko da kai kaɗai ka faɗa rami ko taya ta fashe motar ta juya. Bambancin nan ba ƙarami ba ne a Adar. Raƙumi ya fito maka da dare a hanyar Abalak, ka buge shi, gari ya waye babu wanda ya ce nasa ne. Mai ta farko ya tashi hannu rabbana, mai ta biyu za a gyara masa.

Amma ba kowa muke ba shawarar tu-risk ba, ko da yake ita ta fi kawo mana riba. Kamfani ba ya biyan abin da ya wuce darajar motar a ranar da abin ya faru, kuma mai ƙiyasin kamfani yana cire tsufa daga kuɗin kayan gyara. Motar da ɗan'uwa ya aiko daga Lome ko Abijan, ta riga ta sha shekarunta a Turai kafin ta iso nan, abin da za ka zuba mata kowace shekara zai iya fin abin da za ta dawo maka da shi. Sabuwar mota, ko wadda bashin banki ke kanta, wannan wata magana ce. Ku kuma tambayi faranshiz, wato kason da ke kanka a kowace ɓarna. Misali, in an rubuta jika 50, gyara ya ci jika 300, jika 250 za a ba ka. In gyaran jika 40 ne, ba ka da komai.

Asirans ta gilashi tana da amfani ga mai bin hanyar tsakuwa. Ta gobara da ta sata kowace da kuɗinta, kuma ta sata yawanci motar ɗungurungum take nufi, ba batir ko rediyon da aka cire ba. Ambaliyar damina da ɓarnar tarzoma kada ku ɗauka suna ciki sai kun gan su a rubuce.

Yanzu abin da ke tsakaninmu da ku, wato gaskiya. Farashi yana bin ƙarfin doki, wato ƙarfin injin da aka rubuta a kan kart-giriz (takardar rajistar mota), da kuma aikin da motar ke yi. Motar gida daban, ta ɗaukar fasinja daban, ta dakon kaya daban. Wanda ya rubuta motar gida ce alhali kullum tana lodi a tasha, araha ya samu, amma araha ba ta ado: ranar haɗari doka ta ba kamfani damar rage abin da zai biya, ko ya soke kwantiragin gaba ɗaya in ya tabbata da gangan aka ɓoye. Haka wanda ya miƙa wa yaron mota makulli ba shi da permi. Kamfani zai biya wanda aka buge, sannan ya juyo ya nemi kuɗinsa a wurin mai motar. Mun san ana cewa "ai yaron ya iya", to iyawa ba ta shiga takarda.

Masu cewa mu rubuta musu su kawo kuɗin ranar kasuwa, ku yi haƙuri. Tun gyaran da aka yi wa aya ta 13 ta dokar CIMA a 2011, asirans ba ta fara aiki sai an biya. Ba rashin mutunci ba ne, takardar da ba a biya ba ba ta tsare kowa. Wanda kuma ya sayi mota da sauran watanni a takardarta, kada ya dogara da su: aya ta 41 ta dakatar da ita daga rana ta 5 bayan ciniki. Mai niyyar ƙetare iyaka ta Ƙonni ya biyo ta wurinmu tukuna, mu duba ƙasashen da takardarsa ta ambata da maganar kart-burun, wato katin asirans na shiga wasu ƙasashen Afirka ta Yamma da mota.

In ƙaddara ta faɗa, Allah ya kiyaye, a fara da ceton rai, sannan a kira ƴan sanda in cikin gari ne, ko jandarma in a daji ne, su yi kwansta, wato su rubuta rahoton yadda haɗarin ya faru. A ɗauki hotuna da waya. Kada a kai motar garaji makanike ya kwance ta kafin mai ƙiyasi ya gani. Sulhun bakin hanya, wanda dattawa ke shiga tsakani a ce kowa ya yafe ko wane ya biya kaza, abu ne mai kyau ga zumunci, amma yawancin kwantiragi ba su ɗaure kamfani da alkawarin da aka yi ba da saninsa ba. Ku sanar da mu cikin kwana 5 na aiki, in sata ce cikin awa 48.

Mai zuwa sabuntawa ya riƙo kart-giriz, permi, takardar bizit ta binciken lafiyar mota da tsohuwar asirans ɗinsa, ya kuma ba mu minti kaɗan mu karanta masa abin da ke ciki da Hausa kafin ya sa hannu. Wanda ke nesa ya aiko da hotunan takardun ta WhatsApp, mu kira shi.

Allah ya tsare hanya.

Naku,
Ma'aikatan biro, Tawa