A Ƙara Wa Magoya Baya Kason Tikiti

Ranka ya daɗe Edita,

Ina neman ɗan fili a jaridarka mai albarka don in koka kan yadda ake rabon tikitin shiga manyan gasar ƙwallon ƙafa ta duniya.

A gasar cin kofin duniya, kashi 8 cikin 100 na kujerun da ake sayarwa a filin wasa kacal FIFA ke ware wa magoya bayan kowace ƙasa da ke buga wasan. Kaso mai tsoka yakan tafi ga kamfanoni masu ɗaukar nauyi da manyan baƙi. A wasan ƙarshe na gasar Europa League ta ƙungiyoyin Turai a Baku, babban birnin Azerbaijan, a 2019, tikiti 6,000 kawai aka bai wa Arsenal, 6,000 Chelsea, a filin da ke ɗaukar mutum fiye da dubu sittin.

Abin da ke min ciwo shi ne mutumin da ya shekara huɗu yana tara kuɗi, ya kwana gaban waya yana jiran layin intanet, da asuba a ce masa sun ƙare. Kafin azahar sai ga tikitin a hannun 'yan sari, farashi ya ninka.

Ina roƙon hukumomi su ƙara kason magoya baya, su fara da waɗanda suka bi ƙasarsu tun wasannin share fage, kuma a rubuta sunan mai saye a jikin kowane tikiti.

Naka,
Mai karanta jaridarka a kullum