Bayan an ci nasara, sai me?

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a jaridarka domin in tofa albarkacin bakina kan abin da ya daɗe yana ci min tuwo a ƙwarya: muna koya wa 'ya'yanmu neman nasara da jin daɗi, amma da wuya mu tambaye su abin da za su rayu dominsa.

Dubi Michael Phelps, ɗan wasan ninƙaya na Amurka. Lambar zinariya 23 ya lashe a gasar Olamfik, babu wanda ya kama ƙafarsa. Amma da bakinsa ya faɗa cewa bayan gasar 2012 ya kulle kansa a ɗaki kwana da kwanaki, baƙin ciki ya danne shi har rayuwar ta fita ransa. Zuciya tana saurin sabawa da daɗi, sai ta nemi ƙari.

Shi kuwa Viktor Frankl, likitan ƙwaƙwalwa ɗan Austriya, ya yi zaman fursuna a sansanonin 'yan Nazi, wato gwamnatin Hitler ta Jamus, daga 1942 zuwa 1945, ya rasa matarsa da iyayensa da ɗan'uwansa. A can ya lura cewa fursunan da ke da mai jiransa, ko aikin da bai kammala ba, ya fi jure azaba.

Na ga hakan ga wata uwa mai jinyar ɗanta: ta kwana tana shafa masa ruwa a goshi, idonta jawur, gari na wayewa ta miƙe ta ci gaba ba ƙorafi.

Don Allah ku riƙa kawo mana labaran irinta, kamar yadda kuke kawo na attajirai da masu mulki.

Naka,
Wani mai karatu