Sanarwa Kan Katin Barka da Sallah da Katunan Gayyata

Assalamu alaikum, ƴan uwa. Kasancewar Sallah ta matso, kuma bayanta bukukuwa ke rututu a Kano, muna roƙon duk mai son katin barka da Sallah ko na gayyatar ɗaurin aure ya miƙo bayanansa da wuri, tun kafin aiki ya yi wa masu ɗab'i yawa.

Wajen zaɓen takarda, a nemi mai kaurin giram 250 zuwa 300, domin mara kauri tana lanƙwashewa a aljihu kafin ta isa hannun mai ita. Mai sheƙi tana fito da launi, amma biro ba ya kama ta sosai, wanda hakan matsala ce ga katin da za a rubuta sunan wanda aka gayyata da hannu. A duba samfuri da kyau kafin a buga: sunayen iyalan biyu, masallaci, lokaci, da kwanan wata na Hijira da na Miladiyya.

Muna kuma roƙo, don girman Allah, kada a sa ayar Alƙur'ani a jikin katin, saboda bayan biki ana tsintar katunan yashe a ƙasa. Na dattawa kuwa, a kai musu har gida, ko da an tura hotonsa ta WhatsApp.

Allah ya kai mu lafiya.