Sanarwa kan darasin waƙa

Salam malamai, barkanmu da warhaka. Don Allah duk mai littafin waƙoƙin yara ya taho da shi aji satin nan, za mu gwada waƙar nan da haruffan farkon baitoci ke haɗuwa su ba da kalma. Ku fara karanta musu waƙa ɗaya da ƙarfi su ji karin tukuna, sannan a rubuta kalma a tsaye a allo, misali RUWA:

Rani ya wuce
Uwa na wanki
Wasa a tabki
An sha sanyi

Gajerun kalmomi sun fi, ku guji masu sh ko ts da farko don suna rikita yara sosai, amsa-amo kuwa kar a matsa musu yanzu. Wanda ajinsa ya yi ya turo mana hoto nan.