Godiya ga wani shagon kayan gini a Sabon Garin Zariya

Assalamu alaikum Alhaji, da kai da yaran shagonka.

Na nemi in ambaci sunanka ka hana, wai ciniki ka yi ba sadaka ba. To na bar sunan, amma godiyar sai jama'a sun ji ta.

Mu 'yan wata ƙaramar ƙungiyar wasan kwaikwayo ne a Samaru. Wasanmu na bana a kan masaƙun Kaduna ne, musamman Kaduna Textiles Limited (KTL) ta Kakuri, wadda ta fara aiki a 1957 ta tsaya a 2002, ta bar iyayen wasunmu zaune a gida. Mun so dandamali ya zama tamkar cikin masaƙa: bututai, bangon ƙarfe, tsatsa ko'ina. Da mai walda ya faɗi kuɗin ƙarfe, kowa ya kama bakinsa.

Ƙusa kawai na shigo saye. Ka hangi zanen dandamalin a hannuna, ka karɓa ka duba, ka ce ai mai kallo da ido yake kallo, ba da hannu ba. Nan take ka sa aka fito da faif na roba, mai inci 4 da mai inci 2, da elbo-elbo, wato mahaɗan kwana. Ka ce kada mu sa gam a mahaɗa, domin mu iya kwancewa mu loda a Keke bayan wasa. Ka haɗa mana da filawud mai ƙafa 4 a 8, da ragar kaji, da wasu kwanukan rufi da suka lotse a sito, a rabin kuɗi.

A wajen fenti ka fi burge ni. Roba santsi gare ta, fenti ba ya kama ta sai an goge da sanfefa. Baƙi da farko, sannan a dangwala ruwan azurfa da soso, a ƙarshe jan fentin hana tsatsa da aka cuɗa da dusar katako, a bi mahaɗai da shi kamar ruwa ya daɗe yana ɗiga. Ƙaramin yaronka kuma ya kawo dabarar murafen kwalaben lemo, muka jera su a filawud suka zama kawunan noti. Mu da muke wuce Drama Village ta Jami'ar Ahmadu Bello kullum, wato farfajiyar wasan kwaikwayon da Ba'amurke Steven Ehrlich ya tsara da ginin ƙasa a shekarun 1970, ya kamata a ce tuni mun yi wannan tunanin, amma sai a shagonka.

Sau ɗaya ka ƙi mu. Mun so ɗora barandar da shugaban ma'aikata zai tsaya a kan faif, ka ce atafau: duk inda mutum zai taka, katako tu-bai-fo ne, a ɗaure da noti. Ka kuma sa muka nannaɗe bakin kwanukan don kada su yanki kowa. Na ji haushin ƙarin kuɗin ranar. Da na ga ƙato guda yana tsalle a kai yana ihun yajin aiki, haushin ya wuce.

Bayan wasa wani dattijo da ya yi aiki a Kakuri ya hau ya ƙwanƙwasa bututu, ya ji roba, ya yi ta dariya. Faif biyu da suka rage kuwa ka karɓa ka mayar mana da kuɗinmu cif.

Allah ya ƙara buɗi, ya yi wa yaran albarka. Za mu sake wasan ran Asabar bayan la'asar, mun ajiye muku kujeru huɗu a gaba.

Naka,
Jagoran ƙungiyar, Samaru