Kuɗin ƙaramar hukuma: a liƙa mana lissafi a bango mu gani

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Da fatan kana lafiya kai da abokan aikinka, Allah ya ƙara basira. Dan Allah ka ɗan sam min fili a jaridar nan taka in yi magana kan ƙananan hukumomi, musamman irin tamu ta karkara wadda ba a jin labarinta sai in ambaliya ta ci gari ko an yi rigima ranar zaɓe. Maganata guda ɗaya ce, kuɗin da ake warewa da sunanmu duk wata muna so mu san nawa ne kuma me akai da su, a rubuce, da Hausa, a inda talaka zai iya tsayawa ya karanta ba tare da maigadi ya kore shi ba.

Kowa dai ya ji hukuncin da Kotun Ƙoli ta yanke ranar 11 ga Yulin 2024 a ƙarar da ministan shari'a Lateef Fagbemi ya kai jihohi 36, inda tace kuɗin ƙananan hukumomi 774 a dinga tura musu kai tsaye daga asusun tarayya ba sai sun biyo ta asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi ba, sannan tace gwamna bashi da hurumin rushe zaɓaɓɓun shugabanni ya naɗa kantomomi. Wallahi mutanen karkara sun yi murna da hukuncin nan, har waɗanda ba ruwansu da siyasa. Daga nan jihohi suka hau shirya zaɓe a gurguje, a watan Oktoban 2024 Jigawa ta yi, APC ta ɗauki shugabanni 27 duka, Kaduna ta yi APC ta ɗauki 23 duka, Kano ta yi NNPP ta ɗauki 44 duka. Kaga kenan ba maganar jam'iyya ɗaya bace, duk mai riƙe da gidan gwamnati shi ke kwashewa tunda hukumar zaɓen ta jiha ce. Shi kuwa tura kuɗi kai tsaye an ta jan ƙafa a kansa, yau ace sai an buɗe asusu a Babban Banki gobe ace kwamiti na zama.

A tsarin rabon arzikin ƙasa ƙananan hukumomi na da kashi 20.60 cikin ɗari, jihohi 26.72, tarayya 52.68. Kuma tun da aka cire tallafin man fetur a ƙarshen Mayun 2023 abin da ake rabawa a Abuja duk wata ya ƙaru sosai, wannan gwamnati da bakinta take faɗa. Mu ne muka biya wannan ƙarin da jikinmu, a kuɗin mashin da kuɗin niƙa da buhun taki da kuɗin ban ruwa na masu noman rani, toh ai bai zama rashin kunya ba in munce a nuna mana inda rabonmu ya shiga.

Mu fa ba gadar sama muke nema ba. Abin da muke nema yana nan a jadawali na huɗu na kundin tsarin mulkin 1999, can aka lissafa aikin ƙaramar hukuma: kasuwa, tashar mota, mayanka, bandakin jama'a, maƙabarta, ƙananan hanyoyi da magudanan ruwa, kwashe shara, rajistar haihuwa da mutuwa da aure, sannan ta sa hannu a firamare da yaƙi da jahilci da kiwon lafiya da noma. Duk ƙananan abubuwa ne amma su ne rayuwar mutumin ƙauye gaba ɗaya.

Bari in baka misali da hanyarmu. Hanyar burji ce da ta haɗa ƙauyukanmu da garin da kasuwa ke ci, akwai wata kwalbati a wani kwari da ruwa ya fara cin gefenta, tun tana ɗan tsagewa muka kai kuka wajen mai unguwa, mai unguwa ya kai wa dagaci, dagaci ya kai wa hakimi, aka rubuta takarda aka buga hatimi aka kai sakatariya. A lokacin nan da an kawo tifa biyu na marmara da 'yan buhunan siminti da magini ɗaya da an gama. Ba a zo ba. Ruwan Agusta ya zo ya tafi da rabinta, yanzu rodi ne a waje tsirara, in mota ta zo sai a sauke buhuna a ɗauka a ka a tsallakar sannan direba ya lallaɓa ta gefen gonar mutane, mai gonar kuma yana ta faɗa kuma da gaskiyarsa. Masu motocin da ke zuwa sayen hatsi sun rage zuwa, wanda ya daure ya zo sai ya karya farashi yace kuɗin wahalar hanya ne. Mafi ciwo shine mace mai naƙuda, in abu ya gagari ungozoma cikin dare a amalanke ake ɗaukarta zuwa bakin kwarin sannan a nemi mai mashin a ɗaya gefen, duk wanda ya taɓa riƙe fitila a irin wannan daren ya san abin da nake faɗa. Matasa sun yi gayya sun cika buhuna da yashi sun jera, Allah ya saka musu, amma buhun yashi baya tare ruwan kwari. Aikin da zai ci kuɗi kaɗan yanzu ya zama babbar kwangila, kuma ina jin tsoron wasu haka suka fi so.

Haka maganar ruwa. Famfunan tuƙa-tuƙa da aka haƙa mana yawancinsu ba ƙafewa sukai ba, wata roba ce ta cinye ko sarƙa ta tsinke ko bututu ya fashe a ƙasa, abin da makaniki zai gyara a yini guda. Akwai sashen ayyuka a ƙaramar hukuma, akwai ma'aikata suna karɓar albashi, amma sai dai mu bi gida gida a haɗa ɗari biyu ɗari biyar a kira mai gyara daga gari. In ba a haɗa ba yara mata su koma rijiya ko kududdufi, su makara makaranta, damina ta zo a kama amai da gudawa. Sai kuma lokacin kamfen ya zo a kawo sabon bohol mai sola a kafa allo da hoton mutum, tsofaffin famfuna na nan a mace kusa da shi. Gyara bashi da allo bashi da bikin buɗewa shi yasa ba mai son sa.

Ranar kasuwa kuwa ƙaramar hukuma bata makara. Tun da hantsi masu yankar rasit sun fito, mai rumfa ya biya, mai kasa tumatur a ƙasa ta biya, a kara, wato kasuwar dabbobi, duk akuyar da aka sayar sai an yanka rasit, a tasha duk motar da ta yi lodi sai ta biya. Ni bana ƙin biya, haƙƙin hukuma ne. Amma ka karɓi rasit ɗin ka duba, wani ba lamba, wani ba kwanan wata, wani ma takarda ce aka yaga biyu aka ba mutum biyu, wani lokacin a karɓi kuɗin ace ka wuce kawai. Kasuwar da ake tara wannan kuɗi duk mako bata da bandaki ko ɗaya mai kyau, mahauta a ƙasa suke fiɗa ƙuda na bi, in ruwa ya sauka taɓo har ƙauri. Da za a ce kuɗin kasuwar nan na wata uku kacal a mayar da shi cikin kasuwar da kowa ya ga canji da idonsa.

In kaje sakatariya a ranar da ba ta albashi ba sai ka tausaya. Ofisoshi a kulle, ciyawa ta kai gwiwa, mutum ya biya kuɗin mashin daga ƙauye dan ya karɓar wa ɗansa takardar shaidar ɗan ƙaramar hukuma wadda makaranta ko aikin soja ke nema, sai ace mai sa hannu baya nan a dawo wani satin. Ciyaman iyalinsa na babban birnin jiha shima can yake kwana. Majalisar kansiloli kuma wadda ita ya kamata ta duba kasafin kuɗi ta amince ko ta ƙi, ta kira ma'aji ta tambaye shi, ban taɓa jin an sanar da ranar zamanta ba balle ace jama'a su zo su saurara, alhali kansila shine zaɓaɓɓen da ya fi kowa kusa da mu, mun san gidan ubansa, tare muke sallar Juma'a.

Zan yi musu adalci. Ciyamomi da yawa in ka zauna dasu zasu ce maka kuɗin a takarda suke ganinsu, kafin su iso an cire albashin malaman firamare da na ma'aikatan lafiya da fansho da kason masarauta da ayyukan haɗin gwiwa da jiha ta zaɓa, abin da ya rage baya wuce na man mota da 'yan hidindimu. Kuma mafi ƙarancin albashi ya koma naira 70,000 a 2024, dole nauyi ya ƙaru. Su ma malaman firamare ƙungiyarsu ta NUT ta daɗe tana nuna tsoron a mayar da albashinsu hannun ƙananan hukumomi saboda sun tuna shekarun da suka yi watanni ba a biya su ba, wannan tsoron gaskiya ne bai kamata a raina shi ba. Toh amma duk wannan ai hujja ce ta a fito da lissafi. In an cire a sama a rubuta nawa aka cire kuma wa ya cire, mu san ƙofar da zamu je mu yi kuka. In kuma ya iso a rubuta ya iso. Yanzu jiha na nuna ƙaramar hukuma, ƙaramar hukuma na nuna jiha, mu muna tsaye a bakin kwari. Kuma ko gobe aka fara turo kuɗin kai tsaye, in dai ba mai ganin lissafi an gudu ne ba a tsira ba, cin da ake yi a birni ne zai dawo sakatariya.

Dattawanmu kan bada labarin zamanin En'e, wato hukumar gargajiya ta sarakuna, kafin gyaran ƙananan hukumomi na 1976. Bana fatan a koma can, zaluncin haraji da jangali ba ƙarami bane, shi yasa har yau ake yi wa Abubakar Rimi da Balarabe Musa addu'a kan soke su da suka yi a Kano da Kaduna bayan sun hau mulki a 1979. Amma akwai abu ɗaya da na lura dashi a labarin, mutumin da ya sayar da akuyarsa ya biya haraji yana jin kuɗin baitulmali nasa ne. Yanzu da kuɗin ke zuwa daga Abuja sai mutanenmu suka ɗauka na gwamnati ne, kyauta ce, wanda Allah ya ba ya ci. Shi yasa zaka ga ƙofar gidan kansila cike da asuba, wannan matarsa ta haihu, wannan zai aurar da 'ya, wannan kuɗin magani, in ya bada dubu biyu ya zama mutumin kirki ko da bai taɓa buɗe baki a majalisa kan famfo ko kwalbati ba. Talauci ne ya kawo haka na sani, ba zagin kowa nake ba, amma muddin abin da muke tambayar kansila kenan toh shi zai ci gaba da kawo mana.

Akwai kuma maganar burtali da mashaya da ake ta nomewa kaɗan kaɗan, duk kaka sai an yi ɓarna an kai ruwa rana. Zama ɗaya tsakanin ardo da sarkin noma da dagaci da jami'in gona kafin a fara girbi, a sa ranar sakin gona, a kafa alama a burtali, yana kashe wutar da in ta tashi sai an kira sojoji. Wannan ma aikin ƙaramar hukuma ne kuma kusan baya cin komai.

Dan haka roƙona ga ciyamominmu, duk wata a liƙa takarda a allon sanarwa na sakatariya da ƙofar gidan hakimi da bakin kasuwa, a rubuta abin da aka ware daga tarayya, abin da ya iso, abin da aka tara a kasuwa da tasha, da abin da aka kashe, da Hausa, a ƙara da ajami saboda dattawa, a kuma karanta a rediyo. Kansila kuma kafin a rubuta kasafin shekara ya tara mutanen mazaɓarsa a filin firamare, maza da mata, kowane ƙauye ya faɗi abu ɗaya da ya fi damunsa a rubuta a gaban kowa, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, ƙarshen shekara a dawo wajen a karanta a ga wanne akai wanne ba a yi ba. Rasit ɗin kasuwa kuma a buga masa lamba da hatimi.

Kai kuma Malam Edita ga naka. Ofishin Akanta Janar na tarayya da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa suna fitar da abin da aka ware wa kowace ƙaramar hukuma wata wata, amma da Turanci ne a intanet cikin dogayen jadawali, mutumin ƙauye bazai iya tono shi ba. Ku ware shafi ɗaya duk wata ku buga na jihohinmu da Hausa, sunan ƙaramar hukuma da adadin kuɗinta kawai, ku sa a Facebook ɗinku yadda yaranmu zasu tura a WhatsApp a karanta a majalisa da wajen mai shayi. Sannan in damina ta kankama ku turo wakilinku ya bar kwalta ya shigo hanyar burji, zamu tare shi da mashin mu zagaya dashi ya ɗauki hoto.

Na gode da filin da ka bani, Allah ya bar zumunci.

Naka,
Wani manomi mai karanta jaridarku daga karkara